Hanyar aro: daga duwatsun Kalifoniya zuwa Maryhill

Tun kafin mu fita daga gida mai masaukina ya karɓi alƙawari a bakina. Ya ce duk abin da na ga dama in rubuta game da wannan tafiya, amma ban da sunan hanyar da za mu hau, ban da sunan garin da ke gindinta, kuma kada in saki hoton da ya nuna alamar titi ko lambar gida. Na ɗauka, ga shi kuma ina cikawa. Iyakar abin da zan faɗa, hanya ce ta kan dutse a kudancin Kalifoniya, tafiyar awa guda da 'yan mintuna daga Los Anjalis idan babu cunkoso. Da ƙarfe biyar na asuba kuwa babu.

Ga wanda bai san wasan gangarowa daga tudu a kan allo ba, wanda ake kira downhill skateboarding da Turanci: allo ne mai taya huɗu, ya ɗan fi na yaran da ke tsalle-tsalle a dandali tsawo, tayoyinsa sun fi faɗi da laushi. Ba shi da birki. Mutum ya hau shi daga saman gangare, ya sunkuya, ya maida hannuwansa baya, ya bar nauyinsa ya ja shi. Idan yana son rage gudu sai ya miƙe ya buɗe hannuwa iska ta tare shi, ko ya sa tafin takalmi ɗaya a kwalta, ko ya karkatar da allon a kaikaice tayoyin su zame, hannunsa ɗaya a ƙasa cikin safa mai faifan roba mai tauri a tafinta. A hanyar dutse mai kyau gudun kan kai kilomita 70 ko 80 a awa. A 2017, a wata hanya da aka rufe a lardin Kebek na Kanada, wani Baturen Ingila, Peter Connolly, ya haura kilomita 146. Na shekara huɗu ina hawa kafin wannan tafiya, ina kuma ganin na iya.

Kwana biyu kafin nan na je Signal Hill, wani ɗan ƙaramin gari da Long Beach ta kewaye, inda har yau injinan tsotso mai ke sunkuyawa suna miƙewa a tsakanin gidaje. A titin Hill Street na garin aka fara tseren gangare a 1975, Guy Grundy ya yi gudun mil 50 a awa, kimanin kilomita 80. Bayan na 1978 aka daina, saboda munanan haɗurran da aka yi. Na tsaya a saman titin na leƙa ƙasa, cikina ya ɗan juya. Daga nan na wuce Laguna Beach, garin bakin teku mai tituna kamar an jingina tsani. A 2011 majalisar garin ta haramta hawan allo a tituna takwas mafiya tsayi, bayan an daɗe ana ja-in-ja tsakanin mazauna da iyayen yaran da ke hawa. Na taka biyu daga cikinsu da ƙafa, allona a hammata. Kwaltar sumul, kwanonin kamar an zana su don mu. Ba mai hawansu bisa doka yanzu.

Wannan ne ya sa mai masaukina yake magana a kan hanyarsa kamar mai maganar gonar gado. Mutum ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ya fi shekara goma sha biyar yana hawa a can. Mu biyar ne a mota ɗaya, kuma ɗayan ce da gangan, don motoci uku a gefen hanyar da ba a saba ganin kowa ba sun isa su sa wani ya ɗaga labule. A hanya yana tuƙi yana faɗa mini yadda suke yi, ba tare da ya kalle ni ba. Ba a ajiye mota a ƙofar gidan kowa. Ba kiɗa, ba ihu, don sauti a cikin kwari yana tafiya nesa, kuma wanda ka tasa daga barci ranar Asabar ba zai manta da kai ba. Tsohuwar taya ko robar ruwa, duk abin da ka zo da shi ka koma da shi, har da wanda ba kai ka yar ba. Sauka uku, in ta yi yawa huɗu, sai a tafi kafin rana ta ɗaga.

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, duk waɗannan in ka manta ɗaya za mu gyara. Guda ɗaya ce ba ta gyaruwa. Layin rawayan nan na tsakiya, ɗauke shi bango ne. Hannunka na dama, ka zauna a cikinsa. In ba za ka iya shan kwana a cikin hannunka ba, gudunka ya yi yawa."

Na ce, "Na ji, yaya."

Akwai wata ƙa'ida tasu da ban taɓa tunaninta ba sai ranar, ita ce ba a zamiya a gaban mota. A wurinmu karkatar da allo da sa hannu a ƙasa shi ne birki, shi ne ma alamar mutum ya san abin da yake yi. Amma direban da ya fito daga kwana ya ga mutum a kaikaice, hannu a kwalta, ga ƙarar taya, abin da idonsa ya gaya masa shi ne yaro ya faɗi a gabansa. Ko da ka wuce shi lafiya lau, shi ya riga ya ga gawa a ransa, kuma da wannan zuciyar zai ɗauki waya. Don haka idan mai leƙen hanya ya faɗa a oba-oba cewa mota na hawowa, kowa ya miƙe tsaye, ya rage gudu da ƙafa, ya wuce ta kamar mai tafiya kasuwa, ya ɗaga wa direban hannu. Haka ake yi wa masu keke, waɗanda su ma da sassafe suke hawan dutsen, kai a sunkuye, suna haki, ba su jin zuwanmu sai mun iso. Ana tafa safar hannu tun daga nesa, faifan robar ya yi ƙara, don su sani.

Sauka ta farko ba ta da abin faɗi da yawa sai daɗi. Hazo ya kwanta a cikin kwarin, ƙanshin ciyawar daji mai kama da na magani ya cika hanci, kwalta ta bushe. Ina bayan mai masaukina da taku kamar ashirin, ina bin sawunsa. Na lura da fararen layukan da tayoyi suka bari a bakin kowace kwana, duk a hannun dama, ba ko ɗaya da ya tsallaka. Robar tayar ce ke gogewa a kan kwalta. Tun da Frank Nasworthy ya fito da irin wannan taya a farkon shekarun 1970 allo ya samu riƙon da zai iya sauka dutse, ita ce kuma ke barin shaidar cewa mun zo. Ɗan sandan da ya san aikinsa ba ya buƙatar ya gan mu, waɗannan layukan sun gaya masa.

A sauka ta uku na yi abin da aka hana ni.

Akwai wata kwana ta hagu a ƙasa da tsakiyar hanyar, dutse ya tare ganin abin da ke bayanta. Sau biyu na shige ta a hankali, na ji a jikina cewa zan iya fin haka. Mai leƙen hanya ya riga ya ce babu mota. Na shigo da gudu, na makara wajen zamiya, sai na ga hannuna ba zai ishe ni ba. Maimakon in ƙara taka birki in haƙura da gudun, na yanko kwanar, na tsallaka layin da kamar taku biyu. A daidai nan wata farar a-kori-kura ta fito. Ba daga ƙasa ta taho ba, daga wata 'yar hanyar gida ta fito, tsakanin mai leƙen hanya da ni, inda oba-oba ba ta da ido. Na ga fuskar mai tuƙin sarai, tsohuwa ce mai farin gashi, bakinta a buɗe. Ta taka birki, ni kuma na jefa jikina dama, allon ya kuɓuce ya shige cikin ciyawa, na zame a kan safa da gwiwa har na tsaya. Ban taɓa motar ba. Gwiwar wandona ce kawai ta yage.

Mai masaukina bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Ya tambaye ni ko na ji rauni, ya duba idona, ya ce wa sauran an tashi. Sannan ya cire hular kwanonsa, ya ce in cire tawa, mu je wurinta. Tana nan zaune a motar, hannuwanta a kan sitiyari suna rawa.

Na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Laifina ne, ni na shigo hannunki. Baƙo ne ni, su sun gaya mini kada in yi."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce tana da jika kamar shekaruna, kuma da ta fito daga gida daƙiƙa ɗaya kafin haka da yanzu wata magana ake yi. Ta ce wa mai masaukina ta san motarsa, ta shekara da shekaru tana ganinsu ba ta taɓa kiran kowa ba. Ba ta ce za ta kira ba, ba ta ce ba za ta kira ba. Ta ja motarta ta tafi.

Ko ita ce ko wani maƙwabci da ya ji ƙarar birki, an dai kira. Muna cikin ɗaure alluna a gindin dutsen motar sintiri ta tsaya a bayanmu. Abin da na gani a mintuna goman da suka biyo shi ya fi zama mini a rai a duk tafiyar. Ba wanda ya motsa don gudu. Wani matashi a cikinmu ya kai hannu aljihu zai ciro waya, mai masaukina ya girgiza masa kai a hankali, ya mayar da hannunsa waje. Alluna a ƙasa, hannuwa a sarari, mutum ɗaya ne ke magana.

"Barka da asuba, yallaɓai."

Ɗan sandan ya amsa, ya tambaya ko mu ne ke sauka a kan alluna. Mai masaukina ya ce mu ne. Ya tambaya ko wani ya kusa karo da mota. Kafin a amsa mini na ce ni ne. Ya karɓi katin shaidata ya duba, ya dubi hulunanmu da safofinmu, ya tambayi shekarun matashin nan, don dokar Kalifoniya ta wajabta hular kwano ga duk wanda bai kai 18 ba. Sannan ya yi mana bayanin da na ga kamar ya sha yin sa. Ya ce shi ba ya tashi da safe don neman masu allo, yana da abin da ya fi wannan. Amma duk kiran da aka yi ana rubuta shi da sunan hanyar. Kira ɗaya ba komai. In suka taru, sai maganar ta bar hannunsa ta koma teburin waɗanda ke rubuta doka, daga nan kuma ko yana so ko ba ya so takardar tara zai riƙa rubutawa. Ya ce mu tafi, kada ya sake ganinmu yau. Bai rubuta komai a kaina ba.

Na san ba ko'ina ake rabuwa haka ba, kuma ba kowa ne zai tsaya gaban ɗan sanda a Amurka da kwanciyar hankalin da mai masaukina ya tsaya ba. Ni kaina zuciyata na bugawa har a maƙogwaro. Amma bayanin mutumin gaskiya ne, haka dokokin suke zuwa. A 2012 majalisar birnin Los Anjalis, bayan mutuwar wasu yara biyu a yankin San Pedro, ta kafa dokar da ta ce mai allo ya tsaya a miƙe, ya kuma bi ƙa'idar titi. Wanda ya san wasan ya san cewa hana sunkuyawa hana wasan ne gaba ɗaya. Ina ganin dokar ta yi faɗi, ta haɗa mai hular kwano da ya shekara goma yana koyon tsayawa da yaron da ya saki kansa a gangare ba tare da ya iya birki ba. Amma ban iya cewa iyayen da suka binne 'ya'yansu sun yi kuskure da suka nemi a yi wani abu ba.

A hanyar komawa ba wanda ya yi magana sai da muka shiga babban titi. Can mai masaukina ya ce za su bar hanyar ta huta wata guda, zai kuma sanar da sauran waɗanda ke hawanta. Ba wanda ya umarce su. Su suka ɗora wa kansu, don idan tsohuwar ta fito Asabar mai zuwa ta tarar da hanya shiru, za ta san an ji maganarta. Sai a lokacin lissafin ya fito mini fili. Ni jibi zan kama hanyar arewa. Mutum goma sha wani abu da ban taɓa gani ba su ne za su zauna a gida Asabar huɗu saboda taku biyun da na yi. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

Akwai kyamara a hulata, ta ɗauki komai. Ya ce in ajiye in riƙa kallo don in ga inda na makara, amma kada in saka a intanet. Bidiyon kusan-karo shi ne wanda mutane suka fi yaɗawa, shi ne kuma wanda ake kunnawa a zauren majalisa ranar da za a kaɗa ƙuri'a. Ban da haka, duk wanda ya san yankin zai gane dutsen, wata Asabar sai a ga motoci shida na waɗanda ba su san tsohuwar ba, ba su san 'yar hanyar gidanta ba.

A San Faransisko kwana ɗaya na yi. Na je titin Dolores, gefen lambun shaƙatawa mai wannan suna, inda duk shekara a lokacin zafi matasa kan taru ba tare da izini ba su gangaro a gaban ɗaruruwan 'yan kallo. Wannan wata duniya ce daban da ta asubar dutse, a nan hayaniyar ce abin nema. A 2020 wani mai keke ya rasa ransa a wurin, hukumar birnin ta manna ƙananan ƙusoshin rage gudu a kan kwaltar. Ranar 8 ga Yuli, 2023, 'yan sanda suka zagaye taron suka kama mutum fiye da 100, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da 18, aka tsare su sa'o'i a kan titi cikin dare. Hukuma ta ce an kai wa jami'inta hari an kuma lalata jiragen ƙasa na cikin gari, iyaye kuma suka kai ƙara kotu. A ganina kama yara da yawa haka saboda laifin kaɗan daga cikinsu zalunci ne. Na sa ƙafa na taɓa ƙusoshin nan, na tuna cewa su ba su bambanta mai ladabi da mara ladabi.

Daga can sai doguwar tafiya zuwa arewa, na ratsa jihar Oregon har kogin Kolambiya, na tsallaka zuwa jihar Washinton. A tsaunukan da ke kusa da garin Goldendale, inda babu itatuwa sai busasshiyar ciyawa da manyan fankokin samar da lantarki, akwai hanyar da duk mai hawan gangare a duniya ya san sunanta, kuma ita ba laifi a faɗe shi: Maryhill Loops. Wani attajiri mai son gina hanyoyi, Sam Hill, ya shimfiɗa ta da kuɗinsa kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya don gwada nau'o'in kwalta, ita ce hanyar kwalta ta farko a jihar. A 1913 ya gayyato 'yan majalisar Oregon su zo su gani da idonsu. Yanzu gidan adana kayan fasaha na Maryhill ke da ita, ba ta cikin hanyoyin da motoci ke bi kullum, kuma ana ba da hayarta. Masu allo kan haɗa kuɗi su karɓe ta na kwana biyu ko uku.

Ban taɓa jin irin sakin jikin da na ji a can ba. Kusan kilomita uku da rabi na kwana bayan kwana, gangaren ba mai tsanani ba, an jera damman ciyawa a wuraren da ake yawan faɗuwa, ga motar asibiti a gindi, ga manyan motocin kaya da ke kwashe mu su mayar sama, muna tsaye a ciki kafaɗa da kafaɗa. Babu mota mai hawowa. Hanyar duka taka ce, daga wannan baki zuwa wancan. Ladabin nan na tsakaninmu ne kawai: kada ka yanke wa na bayanka, ka taɓa mutum a hankali in za ka wuce shi a cikin ayari, in ka faɗi ka janye jikinka da allonka daga hanya nan take. Wata mata mai rigar fata da ta ga yadda nake shan kwanar hagu ta bi ni sau biyu, ta ce matsalata ba gudu ba ce, idona ne, ina kallon gaban allona maimakon inda nake son fita. Kafin yamma na fara gyarawa. A nan ya kamata in koyi wannan kwanar tun farko, inda kuskurena ba zai faɗa kan gilashin wata tsohuwa ba.

Sai dai Maryhill ɗaya ce, tana buɗe mana 'yan kwanaki a shekara, kuma sai mai kuɗin rajista da na tafiya. Yaron da ke zaune a gindin wani dutse a Kalifoniya ba zai jira ta ba. Da garuruwan da suka haramta tituna takwas sun ware ko da ɗaya suna rufe shi safiyar Lahadi ɗaya a wata, da kiran da ake yi wa 'yan sanda ya ragu, da yaran kuma sun koyi tsayawa a gaban manya maimakon a ɓoye.

Rana ta biyu, muna jiran motar da za ta mayar da mu sama, saƙon mai masaukina ya shigo. Ya ce ya bi ta hanyar a mota, ba allo, ya ga motar sintiri a ajiye a saman dutsen, abin da bai taɓa gani ba da safiyar Asabar. Ya ce wata gudan zai iya zama biyu. Ya kuma ce ya tsaya ƙofar gidan tsohuwar ya gaishe ta, ta tambaye shi ko gwiwar baƙon nan ta warke.

Na zauna a kan wani dami na rubuta masa cewa ya gaya mata ta warke, kuma ina gaishe ta. Na tambaye shi ko zai kai mata wasiƙa in na aiko. Direban ya danna hon, mutane suka fara hawa. Na jira har amsarsa ta shigo, ya ce in aiko, sannan na ɗauki allona.